Kare a gidan da yaro ke da alaji: tambayoyin da iyaye ke yi min a Katsina

Gidana yana cikin sababbin unguwannin nan na bayan ganuwar Katsina, inda kangaye suka fi gidajen da aka tare yawa, dare na yi sai ka ji tsit. Sau biyu ana haura mana katanga a cikin shekara guda. Na farko aka kwance batiran sola, na biyu aka saɓa tunkiyar uwargida, da tsohon cikinta. Daga nan na yanke shawarar ajiye kare, alhali ɗiyata ta biyu tana fama da asma tun tana shekara uku. Zaɓin farko da na yi ya kwanar da mu a asibiti, sai daga baya muka gano hanyar da ta fisshe mu. Tun lokacin maƙwabta da abokan aiki masu irin wannan lalura suke tare ni da tambayoyi, a ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a layin gidan mai. Su ne na tattara a nan, da amsoshin da na tsinto daga jinya, daga bakin likitocin yara da na dabbobi, da kuma karatun da larura ta sa na yi.

Wai gashin kare ne ke tayar wa yaro da alaji, wato jiki ya ƙi wani abu har ya jawo atishawa, ƙaiƙayi ko tari?

Kusan kowa haka yake zato, ni ma haka na ɗauka. Gashin ɗan aike ne kawai. Abin da jikin yaron ke faɗa da shi wasu sinadaran furotin ne da ke cikin yawun kare, da ɓarɓashin fatarsa mai kama da amosani, da fitsarinsa. Babba daga cikinsu masana suna kiransa Can f 1, kuma mafi yawansa daga baki yake fitowa. Kare zai lashe jikinsa, yawun ya bushe a kan gashi, ya farfashe, ya bi iska. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, suna daɗewa suna yawo a ɗaki kafin su sauka su maƙale a labule, katifa, darduma, kujerun kushin da kayan makaranta. Shi ya sa aske kare tal kwabo ba ya raba yaro da atishawa. Bakin yana nan, fatar ma tana nan.

Akwai irin karen da ba ya tayar da alaji kwata-kwata?

Babu. Wannan ita ce maganar da na so a ce wani ya faɗa min kafin in zare kuɗina.

Wanda ya sayar min da kwikwiyon farko hotonsa ya turo min ta WhatsApp, fari sol, gashi buzu-buzu kamar an shiɓe auduga. Ya ce, "Alhaji, wannan irin na Turawa ne, ba ya zubar da gashi, don masu asma ma aka yi shi." Yara suka yi ta murna, suka shigo da shi falo. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu yarinyar ta fara murza ido. A na uku, wajen ƙarfe biyu, uwarta ta tashe ni: "Malam, tashi ka ji ƙirjin yarinyar nan." Na same ta zaune a bakin katifa, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, ramin wuyanta yana lotsawa ciki, ƙirjin yana wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Kwana biyu muka yi a asibiti.

Masu bincike sun riga sun auna wannan da'awa. A 2011 likitocin asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun ɗebi ƙurar gidaje 173 masu kare, suka kwatanta gidajen da ke da irin da ake cewa ba ya tayar da alaji da sauran gidaje, ba su sami wani bambanci a yawan sinadarin ba. A 2012 masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka auna gashin karnukan kansu, sai ga shi Poodle da Labradoodle, waɗanda aka fi yi wa wannan kirari, sun fi Labrador na yau da kullum ɗauke da Can f 1 a jikinsu.

To daga ina zancen ya samo asali? Shi Labradoodle wani mai suna Wally Conron ne ya haɗa shi a Ostireliya a 1989, ya yi barbarar Labrador da Poodle don ya samar wa wata makauniya a Hawai karen jagora wanda ba zai dami mijinta mai alaji ba. Kwikwiyo uku aka haifa, ɗaya ne kaɗai jikin mijin ya karɓa. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan fa. Sai kuma 2009, da iyalan Barack Obama suka shigar da wani kare mai suna Bo, irin karnukan ruwa na Fotugal, fadar shugaban Amurka, saboda babbar 'yarsu Malia tana da alaji. Duniya ta ɗauka an sami mafita, masu sayarwa suka sami bakin talla, tallan kuma ya iso mu har Katsina.

To me ya sa wani kare yake tayar masa, wani kuma ba ya yi?

Saboda karnuka sun bambanta ɗaya-ɗaya, ko da irinsu guda ne, kuma sinadaran suna da yawa, kowane yaro da wanda jikinsa ya ƙi. Akwai guda da ya cancanci a san shi, Can f 5. Ana samar da shi ne a wata 'yar gaɓa ta maza da ke gindin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, don haka namijin kare ne ke da shi. Yaron da wannan ne kaɗai matsalarsa yana iya zama da karya lafiya, namiji kuwa ya hana shi barci. Ba kowane yaro ne ke cikin wannan rukuni ba, da yawa jikinsu ya ƙi sinadari biyu ko uku a haɗe. Amma in za ka gwada, fara da mace.

Ta yaya zan gane karen ne, ba hazon hunturu ba?

A nan ne iyaye suka fi ruɗewa, domin garinmu cike yake da abubuwan da ke tayar da ƙirji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo da ƙura kaɗai sun isa. Ga hayaƙin icen girki, ga turaren wuta da ake turara ɗaki da shi a rufe ƙofa, ga maganin sauro na kunnawa da yaro ke kwana yana shaƙa, ga kyankyasai, ga ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani, ga kyanwa, ga tattabaru a saman ɗaki. Wani yaron ma doki ne, sai an dawo daga kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro ake kwana ana fama.

Alajin kare yakan nuna kansa da wuri, daga 'yan mintuna zuwa 'yan sa'o'i bayan haɗuwa: atishawa a jere, hanci na yoyon ruwa fari, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, borin jini a daidai inda karen ya lasa, tari da daddare, ko kukan ƙirji. Babu zazzaɓi, saɓanin mura da kan iya zuwa da shi. Abin da likitarmu ta sa muka yi shi ne uwar ta ware littafi ɗan shafi arba'in, kullum ta rubuta inda yarinyar ta je, abin da aka kunna a gida, da yadda ta kwana. Cikin wata guda littafin ya nuna mana cewa turaren wuta yana yi mata illa kusan daidai da kare. Da ba mu rubuta ba, da duk laifin a kan kare za mu ɗora.

Akwai gwajin da ake yi?

Akwai iri biyu. Na fata: a ɗiga ruwan sinadarin a damtsen yaro, a ɗan tsikara, a jira minti 15 zuwa 20 a ga ko wurin zai tasa kamar cizon sauro. Dole a dakatar da maganin ƙaiƙayi kwanaki kafin ranar, likita zai faɗi adadinsu. Na jini kuma yana auna garkuwar da ake kira IgE, shi magani ba ya ɓata shi. Ku fara da likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Shi zai duba ko ana buƙatar gwajin, ya faɗi inda za a yi, ko ya tura ku Kano ko Zariya. Ku sani takarda na iya cewa akwai alaji alhali yaron yana wasa da kare ba abin da ke samunsa. Likita yana haɗa sakamakon ne da labarin da kuka ba shi, shi ya sa littafin nan yake da daraja.

In dai dole sai na ajiye, wane iri zan nema?

Ra'ayina, bayan abin da na gani, karen gida na ƙasarmu. Irin siririn nan mai gajeren gashi, ja ko ruwan ƙasa, da ake gani wurin 'yan farauta da a rugagen Fulani. Shi ma yana da yawu da fata kamar kowane kare, ban ce ya kuɓuta ba. Abin da ya fi sauran da shi shi ne zai iya rayuwa a waje dare da rana, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ba tare da ya galabaita ba. Wankansa minti biyar ne, kaska ba ta da wurin ɓuya a jikinsa, ba ya dalalar da yawu, kuma kunnensa a kan motsi yake. Ɗan'uwansa na Sahel, Azawak na Buzayen Nijar da Mali, haka yake, doguwar ƙafa da gashi kamar an shafe.

Manyan karnukan gadi da ake yayi kuwa, kowanne da matsalarsa ga gidan mai alaji. Alsatian yana zubar da gashi duk shekara. Caucasian an halicce shi ne don sanyin duwatsu, a Katsina wahala yake sha, tausayi kuma zai sa wata rana ka buɗe masa ƙofar falo ya sha fanka, shi ke nan an karya doka. Boerboel na Afirka ta Kudu gashinsa gajere ne, amma ga dalala, kuma girman jiki yana nufin yawan fata da yawu. Ƙananan masu gashin auduga, su Lhasa da Poodle, karnukan ɗaki ne, a cinya suke son zama, ga shi gashinsu sai an riƙa tajewa da aski a kai a kai. In gadi ne ya kawo ka, ba su ne ba. Basenji na Kwango ana yawan sa shi a jerin masu sauƙi saboda tsabtarsa, sai dai ba ya haushi irin na sauran karnuka, mai neman wanda zai tashe shi da dare kuwa haushin yake nema.

Yaya zan gwada kafin in saya?

Da karen da za ka ɗauka ɗin za a gwada, shi kansa, ba uwarsa ko wani mai kama da shi ba. Ka nemi izinin likita tukuna, ka tafi da maganin asmar yaron na shaƙa a aljihu. Ziyarar farko a fili, minti goma, ba taɓawa. In an kwana lafiya, bayan kwana biyu a koma a ƙara lokaci, a bar shi ya shafa bayansa ya wanke hannu. A yi haka sau uku ko huɗu, kuma a guji lokacin hazo ko lokacin da yaron ke mura, don kada a rasa gane mai laifi. Ka yi sharaɗi da mai karen a gaban shaida cewa in bai karɓi yaron ba cikin wata guda za ka mayar. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka bar masa kayansa. Ni ban yi ba, kuɗin kwikwiyon farko har yau ba su dawo ba. Karen da ya ɗan tasa ya fi jariri saurin bayyana gaskiya, don gashi da jikin kwikwiyo suna canzawa in ya girma.

Addini ya yarda a ajiye kare ma tukuna?

Wannan tambaya takan zo kafin ta lafiya, kuma daidai ne ta zo. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna wanda ya ajiye kare, in ba na kiwo ko farauta ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ita ma waɗannan ukun ta keɓe. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu in akwai buƙata ta gaske. Masu sharhin Risala suna kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Ka zauna da malaminka ka faɗa masa halin unguwarku.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne al'adarmu da shawarar likita sun haɗu a wuri guda. Bature mai ɗa da alaji babbar wahalarsa ita ce raba kare da gado da kujera. Mu tun kaka da kakanni kare a waje yake.

A ina zai zauna a cikin gidan?

A bayan gida, nesa da tagar ɗakin yara, nesa da igiyar shanya. Ka lura da inda iska ke kaɗowa: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, kada ɗakinsa ya zama a kan hanyarta zuwa tagar yaron. A yi masa rumfa mai inuwa, daɓen siminti da za a iya wankewa, da kwanon ruwa da ba ya ƙafewa. Kada a yi shara a bushe a wurin, a yayyafa ruwa tukuna, kuma kada mai alajin ya zama shi ne ɗan aiken kai masa tuwo. Wanda ke kula da shi ya ware riga guda ta wannan aiki ya rataye ta a can. Ni wata tsohuwar jallabiya ce, a ƙusa take a bangon rumfar, ba ta taɓa shiga ɗaki ba.

Wanka yana rage abin?

Yana ragewa sosai, amma na ɗan lokaci. Wani bincike da aka yi a Ingila a 1999 ya nuna sinadarin yana komawa yadda yake cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa wankan sau biyu a mako. A yi da sabulun da malamin dabbobi ya ba da, don omo yana busar da fata, busasshiyar fata kuma ta fi zubar da ɓarɓashi. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona don kashe kaska. Yana kashe karnuka, warinsa kuma yana tayar da asma.

An ce in yaro ya daɗe da kare jikinsa zai saba?

Kada ka yi caca da wannan. Gaskiya ne wani babban bincike a Suwidin a 2015 ya ga cewa yaran da suka tashi da kare a gida tun shekararsu ta farko sun ɗan fi sauran kuɓuta daga asma. Wannan zancen jarirai ne da ciwon bai kama ba tukuna. Wanda ya riga ya kamu, yawan shaƙa yana iya sa hanyoyin numfashinsa su zauna a kumbure, ko da atishawar ta yi sauƙi a ido.

Ba sai in riƙa ba shi magani daga kemis ba?

Cetirizine da loratadine suna kwantar da atishawa da ƙaiƙayi, Piriton ma haka sai dai yana sa barci, yaro ya yi ta gyangyaɗi a aji. Babu ɗayansu da ke buɗe ƙirjin da ya toshe, wannan aikin abin shaƙa ne irin salbutamol, kuma likita ne zai tsara shi tare da na rigakafi in ana buƙata. Wanda nake roƙon iyaye su guje wa shi ne dexamethasone da prednisolone ba da takardar likita ba. Suna aiki kamar yankan wuƙa, shi ya sa ake komawa gare su, amma daɗewa a kansu yana kumbura fuska, ya tauye girma, ya raunana garkuwar jiki.

Yaushe ne za a haƙura da karen gaba ɗaya?

In an taɓa kwantar da yaron saboda asma a 'yan watannin nan, in yana farkawa da tari fiye da sau ɗaya a mako, in buƙatar abin shaƙa ta ƙaru tun zuwan karen duk da yana waje, ko in gidan haya ne mai tsakar gida guda da ba wurin waresu. A nan sai a ƙara tsawon katanga, a sa waya da fitila mai sola, a haɗa kuɗin 'yan sintiri da maƙwabta. In kuwa ka ga leɓen yaro ya sauya launi, ko ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko abin shaƙa bai yi aiki ba, asibiti za a nufa a lokacin, ko ƙarfe nawa ne.

Mun rabu da karen amma yaron bai daina ba, me ke nan?

Sinadarin yana daɗewa a gida har watanni. A wanke labule da zannuwan gado, a fitar da katifa da darduma a kakkaɓe yaron ba ya nan, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Mu sai da muka ɗauke kafet ɗin falo gaba ɗaya.

Kowane ƙurji da ya fito bayan zuwan kare alaji ne?

A'a. Cizon ƙuma yana fitowa a ƙafafu, makero yana yin zagaye mai ɓarɓashi, tsutsar kashin kare kuma takan shiga fatar yaro mai wasa a jiƙaƙƙen yashi ta yi zane mai lanƙwasa. Kowanne maganinsa daban. Wanda ya fi su duka haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma in alamunsa suka bayyana ba a tashi. A kai kwikwiyo asibitin dabbobi a yi masa allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa, a adana katin. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan allura a nan gida. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a wuce asibiti a ranar.

Ita ɗiyar taka yanzu tana taɓa karen?

Karya ce muke da ita yanzu, ja mai farin ƙirji, daga wani ƙauye a hanyar Daura na karɓo ta bayan ziyara huɗu. Shekararta biyu a gidan. Yarinyar tana zuwa wurinta ranar Juma'a da yamma, washegarin wanka, ta tsaya a bakin rumfa ta jefa mata ƙashi, ta shafa bayanta sau biyu ko uku, ba ta yarda a lashe ta. Daga nan sai bakin famfo, ta wanke hannu har gwiwa, ta sauya hijabi. In hazo ya sauko muna dakatar da ziyarar har sai gari ya washe, ta taga take kiran sunanta, ita kuma ta ɗago kai tana kaɗa wutsiya.